Muryar Hajo a Motar Maitama

Ina gonar marigayi Ummaru ina cirar auduga Malam Aƙilu ya iso a kan kekensa. Bai yi sallama ba. Ya jingine keken a jikin ɗorawa, keken ya zame ya faɗi, ko waiwayensa bai yi ba. Tun daga nan na san ba lafiya, domin Malam Aƙilu mutum ne da kan goge kekensa kafin ya wanke ƙafarsa.

"Sulemanu, ina yayarka?"

"Tana gida mana, Malam. Ina za ta?"

"Tambayar da ta kawo ni ke nan. Ajiye buhun nan ka biyo ni."

Ummaru mijin yayata Hajo ne. Ciwon ciki ya ɗauke shi a ƙarshen damina, dawa na fitar da kai, ya bar ta da yara biyu, Sada wanda ya fara famfara, da Lauratu da ke goye. Malam Aƙilu kuwa wansa ne, a Ƙarfi yake zaune, shi ne ladanin unguwarsu. Ranar sadakar arba'in da bakinsa ya ce Hajo ta zauna a ɗakinta da 'ya'yanta a nan Unguwar Ɗorawa, ni in riƙe gonar har Sada ya isa ɗaukar garma. Kowa ya sa masa albarka. A lokacin da nake ba da labari Hajo tana cikin takaba, ba kwalli, ba man shafawa, ba ɗaga murya, ko bakin zaure ba ta takawa.

Muka shiga zaure. Ya ƙi zama a tabarma. Hajo ta zo ta bayan ƙofar cikin gida ta durƙusa ta gaishe shi ƙasa-ƙasa, bai amsa ba, da ni ya ci gaba da magana kamar ba ta wurin.

"Jiya a kasuwar Ƙarfi ina tsaye wurin masu goro, sai ga motar 'yan siyasa, wadda aka ɗaura wa lasifika a ka. Maitama na rediyo ya miƙe a kanta ya ce, jama'a, ga Hajo ta Unguwar Ɗorawa nan tare da mu, ku ji abin da matan karkara ke faɗi. Sai ta kama waƙa. Waƙa, Sulemanu! A tsakiyar kasuwa! Matar ƙanena, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba. Har mahauta sai da suka ajiye wuƙa suna kallona."

Nan take na gane abin da ya faru, kuma wallahi har na ɗan ji sanyi, don na ɗauka magana ce da baki zai warware.

Maitama ba baƙon kunnenmu ba ne. Ɗan Malumfashi ne da ya yi boko ya tafi Kaduna, shi ke gabatar da shirin manoma a rediyo. Maƙwabcinmu Mark, ɗan mishan, shi kaɗai ke da rediyo a unguwarmu, kuma duk ranar shirin a ƙofar gidansa muke taruwa mu ji Maitama yana gaya mana lokacin shukar auduga da lokacin ƙone karanta. An ce har a talabijin yana fitowa, akwatin da ake ganin mutum a ciki, wanda mu ba mu taɓa sa wa ido ba. Da ranin da ya wuce ya zo garinmu neman waƙoƙin gargajiya, ɗauke da rakoda, wani akwati mai faifai biyu da siririn zare mai ruwan ƙasa yana tafiya daga wannan zuwa wancan. Aka gaya masa duk yankin ba mai waƙar niƙa kamar Hajo. Ummaru ya yarda, har yana jin daɗi. Shi ya tsallaka da wayar abin magana ta kan zana ya riƙe mata, Maitama yana waje, ita tana kan dutsenta tana niƙa tana cewa:

"Dutse ci dawa, ni ban ci ba,
Mai garma na hanya, rana ta take,
A dama masa gari, a sa masa tsamiya."

Aka yanka wa Maitama zakara, ya ce mu kasa kunne, za mu ji ta a rediyo. Duk damina Ummaru bai fasa zuwa ƙofar gidan Mark ba. Har ya koma ga Allah ba a sa waƙar ba. Da zaɓen majalisar tarayya ta Ikko ya ƙarato, shekara huɗu da samun mulkin kai, sai muka ji Maitama ya ajiye aiki ya tsaya takara a ƙasarmu. Ashe da akwatin ya taho.

Na kwashe duk wannan na gaya wa Malam Aƙilu, a hankali, yadda zan iya.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Yaro, ni za ka koya wa rediyo? Rediyo na san shi. Mutum yana Kaduna yana magana, iska ta kawo. Wannan kuwa mota ce a gabana, an rufe bayanta da tamfol, da idona na ga gefen zanen mace ta ƙasan tamfol ɗin. Kuma mutumin ya kira sunanta, ya kira sunan garinku. Murya ce za a zuba a akwati kamar daddawa a ajiye ta wata da watanni?"

Roda, matar Mark, tana cikin gida tana yi wa Hajo surfe, kamar yadda ta saba tun ranar rasuwar. Ita ba ta iya haɗiye magana. Ta leƙo da taɓarya a hannu.

"Malam Aƙilu, sannu da zuwa. Jiya tun hantsi har la'asar ina gidan nan, ni na tsefe wa Lauratu kai a kan cinyar uwarta. Amma bari in tambaye ka, da ƙarar dutsen niƙa ka ji waƙar ko babu?"

"Da ita."

"To ga dutsen Hajo can a kafe a ƙasa tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Shi ma motar ya hau ya tafi cin kasuwa?"

Na ga maganar ta shige shi, amma ya ture ta. "Mutanen da suka ɗauki matar mamaci, dutse ne zai gagare su samu? Ke kuma Roda, ba da ke nake ba, koma kan turminki." Ya juyo gare ni. "Macen da ta shiga motar 'yan siyasa da takaba a kanta ba za ta riƙe mini ɗan ƙane ba. Ran Juma'a in an sauko zan zo in tafi da Sada. Ita ƙaramar sai an yaye ta."

"Malam, in na kawo Maitama ya faɗa da bakinsa fa? Ya nuna maka akwatin?"

"Kawo shi. In ƙarya na ji, ni mai tuba ne."

Bayan ya tafi Hajo ba ta yi kuka ba. Ta zauna a dokin ƙofar ɗakinta tana murza bakin zanenta har zaren ya fara fita. Sada ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Amma ta ce mini, murya can ciki, haƙora a haɗe, "Ni mijina na yi wa waƙa, a kan dutsena, da izininsa. Je ka nemo mutumin nan, Sule. Yaron nan ba inda za shi."

Washegari na hau motar auduga zuwa Funtuwa. A kan buhuna na zauna, muka sauka kusa da gidan gurzar auduga, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan jam'iyya, a bayan tashar mota. Ƙofar cike take da 'yan banga da maroƙa da masu neman a sa su a wani abu. Na zauna a gindin bango har inuwa ta bar ni ta dawo. Ba wanda ya ce mini ci kanka. Sai da la'asar wani mai jar hula ya gaji da ganina ya shigar da ni.

Wanda ya san Maitama a rediyo kaɗai, in ya gan shi sai ya nemi ragowarsa. Ɗan guntun mutum ne, siriri, muryar ce kawai ta cika ɗaki. Yana zaune a kan kujera mai hannu, ana yi masa fifita.

"Ranka ya daɗe, ni ƙanen Hajo ne, ta Unguwar Ɗorawa."

"Hajo! Kai, zauna, zauna. Ku kawo masa lemo. Samari, ka san yayarka ta fi mini makaɗa goma? Duk kasuwar da na sa ta, Dandume, Matazu, ko'ina, mata har kan katanga suke leƙowa."

"Ai mata ba sa jefa ƙuri'a, ranka ya daɗe."

"Su ke tuƙa wa masu jefawa tuwo," in ji shi. Mutanensa suka yi dariya, shi ma ya yi.

Na jira suka gama. "Mijinta ya rasu. Takaba take yi."

Ya sauke kai ya yi salati, da irin muryar da yake karanta sanarwar rasuwa. Ya yi shi da kyau ƙwarai. Sannan ya ce, "Wane ne ma mijin?"

"Ummaru. Wanda ya riƙe maka waya ta kan zana. Ka ci zakaransa."

"Af, Allah sarki. Dogo ɗin nan."

Ummaru gajere ne, amma ban gyara masa ba. Na gaya masa abin da ya faru a Ƙarfi, da abin da Malam Aƙilu ya ce zai yi ran Juma'a. Da na zo wurin da Malam Aƙilu ya ɗauka Hajo na cikin tamfol, sai Maitama ya tuntsire da dariya har da buga cinya. Matar da aka ga gefen zanenta, ya ce, mai dafa musu abinci ce.

Ni ba mai faɗa ba ne, ko a dandali ban taɓa kokawa da zuciya ba, amma sai da na danne hannuna a ƙarƙashin cinya. "To me ya sa ka ce tana tare da ku? Me ya sa ba ka ce akwati ba ne?"

"Ba ka san aikin ba, samari. A aikinmu ba a ce wa mai sauraro abin da yake ji ajiyayye ne. Da ka ce masa na bara ne, ya huce, kamar tuwon jiya. Sai ka sa ya ji kamar yanzu ake yi, a gabansa. Shekara nawa ina haka a Kaduna, ba wanda ya mutu."

"Abu biyu na zo roƙo, ranka ya daɗe. Ka daina sa ta. Kuma ka zo ran Juma'a ka nuna wa Malam Aƙilu akwatin. Kai kaɗai, don Allah, a cikin zaure. Gidan makoki ne, shi kuma dattijo ne, ba ya son a ga kuskurensa."

Ya juya wurin mai jar hula. "Unguwar Ɗorawa, mun taɓa yin lacca a can?"

"Ba mu taɓa ba, ranka ya daɗe. Hanyar ce ba kyau. Amma akwai magidanta, ga 'yan mishan ma da yawa."

Maitama ya dafa kafaɗata. "Je ka kwantar da hankalin yayarka. Zan zo. Ɗanta ba inda za shi, ni na gaya maka."

Na fito ina sa masa albarka.

Ran Juma'a Malam Aƙilu ya riga shi zuwa. Bai zo shi kaɗai ba, ya taho da limamin unguwarsu da wasu dattawan Ƙarfi biyu, don su zama shaida. Na shimfiɗa musu tabarmi a zaure, Roda ta aiko da fura. Muna zaune sai muka ji kalangu daga nesa. Na ce a raina wataƙila biki ake a wani gari. Sai ƙarar lasifika ta biyo baya, ana kiran sunan Maitama ana yi masa kirari.

Mota biyu ya zo da su. Makaɗa a ta gaba, 'yan banga a ta baya suna kaɗa tuta, yaran ƙauyuka uku suna bin su da gudu. A ƙofar gidan Ummaru suka tsaya, daidai inda aka sallaci gawarsa. Kafin in miƙe, filin ya cika, har masu cirar auduga sun baro gonaki da buhunansu a kafaɗa.

Na ruga wurinsa. "Ranka ya daɗe, ba haka muka yi ba. Kai kaɗai na ce."

"Gaskiya a fili ake faɗinta, samari. A kasuwa aka ɓata sunan yayarka, a gaban jama'a za a wanke shi. Ina dattijon?"

Dole Malam Aƙilu ya fito. Maitama ya sauko daga mota ya durƙusa ya gaishe shi, abin magana yana hannunsa, wayarsa na jan ƙasa. Ya ce, "Baba, faɗa mini abin da ka ji a Ƙarfi." Malam Aƙilu ya faɗa, da zafi, yana nuna motar da yatsa. Ya ce ya ji da kunnensa, ya ce murya ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu, ya ce duk wanda ya ce akwati na waƙa ya raina masa hankali. Maitama yana ta gyaɗa kai yana matso masa da abin maganar kusa da baki. Ni na ɗauka ladabi ne.

Sannan ya sa aka yaye tamfol. Ba kowa a ciki sai akwatin da batir. Ya ce Malam Aƙilu ya tsaya a bakin zaure inda zai iya hango cikin gida. Roda ta kamo hannun Hajo ta zaunar da ita a tsakar gida, lulluɓe, Lauratu a cinyarta. Maitama ya murɗa wani abu. Faifan suka fara juyawa.

Muryar Hajo ta fito ta lasifika, da gurzar dutse, da komai, har da kukan wata kaza da aka yanka tuntuni. Ga Hajo kuma a zaune, baki a rufe, ta sa tafin hannu ta toshe kunnuwanta.

Malam Aƙilu ya dubi motar, ya dubi cikin gida, ya sake duban motar. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya kama gemunsa ya ce, a hankali, ni da liman kaɗai muka ji, "La'ilaha illallahu. Ashe na ɗauki alhakin baiwar Allah." Liman ya ce, "To alhamdu lillahi, sai a shiga ciki a yi addu'a." Har Malam Aƙilu ya juya zai shiga zaure.

Da Maitama ya kashe akwatin nan a lokacin ya hau motarsa, da har gobe ina yi masa addu'a. Amma ya waiwaya ya ga fili cike da mutane sun yi tsit suna kallonsa, shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin kunnuwa a buɗe ya ƙyale su.

"Jama'a, ku dakata! Baba bai gama gani ba. Baba ya ce akwati ba ya riƙe murya. To ku saurara."

Ya canza faifai ya murɗa. Sai ga muryar Malam Aƙilu, duk abin da ya faɗa ɗazu, tana fita ta saman mota: murya ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu. Mutane suka fara 'yar dariya, irin ta mamaki. Malam Aƙilu ya tsaya cak, bai taɓa jin kansa daga waje ba. Maitama ya ɗaga hannu kamar mai wasan kura, ya ce, "Yanzu ku ji Baba yana sauri zai kama motar Funtuwa." Ya taɓa wani maɓalli, faifan suka ruga da gudu, muryar dattijon ta tsuke ta koma kamar ta ɗan tsako, tsiyau-tsiyau-tsiyau, ya raina mini hankali, ya raina mini hankali.

Filin ya fashe. Yara suna birgima a ƙasa. 'Yan banga suna tafi, mai kalangu ya ɗauki abin ya sa a kiɗa. Har ɗaya daga cikin dattawan Ƙarfi sai da ya rufe baki da hannun riga. Mutumin da ya shekara ashirin yana tashin unguwa da muryarsa, ita aka mayar abin wasan yara. Maitama ya mayar da zaren baya ya sake sawa. Sannan ya hau kan mota ya fara lacca.

"Kun gani ko? Wannan shi ne duhun da nake gaya muku! Ba laifin Baba ba ne, laifin waɗanda suka bar ku ba makaranta ne. Ku tura ni Ikko in kawo muku haske!"

Roda ce ta fara fitowa, ɗankwali a hannu. "Kai Maitama! Kai ɗan guntun nan! Hasken uwar wa? Gidan mutuwa ka zo ka kafa kasuwa? Wadda ka sace wa waƙa tana ciki tana toshe kunne, ko gaisuwar rasuwa ba ka yi mata ba! Allah ya isa tsakaninmu da kai!" Mark yana jan ta tana fizgewa.

Ni ban san lokacin da na isa motar ba. Na dai ga hannuna a kan faifan, na fizge shi, zaren ya warware ya nannaɗe mini a hannu kamar hanjin kaza, na yi ta tsinka shi. Na ɗauko na Hajo ma na tsinka. Wani ya sauke mini gora a gadon baya, wani ya haure ni na faɗi. Ina ƙasa na ji Maitama ta lasifika yana cewa, "Ku ƙyale shi, ku ƙyale shi! Mu ba mu dukan talaka. Ɓacin rai ne, na yafe masa." Aka yi masa tafi a kan wannan ma. Da ya sauko zai shiga gaban mota ya sunkuyo ya ce mini, ba ta lasifika ba, "Na cika alkawari, samari, na wanke ta. Zaren kuwa kar ya dame ka, ina da wani a Kaduna."

Suka tafi da kiɗansu, yara suka bi su. Waɗanda suka rage suna ta tsiyau-tsiyau a bayan gida, uwayensu na jifansu.

Na shiga zaure ina ɗingishi. Malam Aƙilu yana zaune ya fuskanci bango. Ba wanda ya taɓa furar. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A haɗa wa Sada kayansa."

Na ce, "Malam, ai ka gani da idonka. Ka ce ka ɗauki alhakinta, liman ya ji."

"Na gani."

"Ba ta fita ba."

"Na san ba ta fita ba."

Liman ya ce, "Haba Malam Aƙilu. Ka ce in ƙarya ka ji kai mai tuba ne. Kar fushin wani ya sa ka raba uwa da ɗa."

Sai ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ku kuka kira shi. Gidan nan ne ya buɗe masa ƙofa tun farko, gidan nan ne ya sake aika masa ya zo ya tara mini ƙauyuka. Kafin in isa Ƙarfi labarin ya riga ni. Gobe da asuba in na ɗaga murya, me kuke tsammani zan ji daga bayan katanga? In na koma hannu wofi, an yi mini dariya kuma an kore ni ke nan. Ɗan ƙanena ba zai tashi a ƙofar da 'yan banga suka yi rawa ba. Jinina ne, ba mai hana ni, ko gaban alƙali aka je."

Na durƙusa na kama ƙafarsa. Na ce laifina ne, ni na je Funtuwa, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Ya janye ƙafar.

Daga bayan ƙofa Hajo ta yi magana. Tun da aka yi rasuwar ban ji muryarta ta kai haka ba, ko da yake ba ihu ta yi ba. "Yaya Malam, wanda ya yi maka dariya ya hau mota ya tafi. Shi ba ka iya masa ba, sai ni da ke zaune a ɗaka? Na ji. Allah yana gani." Sannan ta ce, "Roda, rigar yaron nan tana kan igiya. Allonsa yana bayan randa. Ki sa masa ƙuli-ƙulin nan a aljihu, ba ya cin tuwon dare in ba a lallashe shi ba."

Aka ɗora Sada a bayan keke, ƙullin kayansa a cinya. Bai yi kuka ba, yana ta waige yana neman wanda zai gaya masa ko wasa ake. Malam Aƙilu bai hau ba, tura keken ya yi, dattawan suna biye. Hajo ta biyo su har cikin zaure, ta tsaya daga ciki, yatsun ƙafarta a kan dokin ƙofa. Nan takaba ta tsayar da ita. Ta bi su da ido har suka sha kwanar gonar Mark, dawa ta rufe su.

Na tsaya a gefenta, bayana na zugi. Na ce, "Yaya, in Malam ya huce zan je in ba shi haƙuri. Zan tafi da liman."

Ba ta dube ni ba. Ta gyara goyon Lauratu ta ce, "Awakin nan tun safe ba su sha ruwa ba, yaron nan ke kai su rafi. Kwance su ka kai su, rana na faɗuwa."

Na je na kwance su.